Gumin Jiya da Aikin Gobe: Iyakar Kyakkyawar Niyya a Dokar Aiki ta Amurka

Ranar 6 ga Janairun 1969, wani dattijo mai suna Orville Fortune ya shiga ofishinsu a birnin Boston, ya tarar da ambulan a kan teburinsa. Takardar sallama ce. Shekararsa sama da 20 yana tallata wa kamfanin National Cash Register na'urorin lissafin kuɗi irin waɗanda ake ajiyewa a kan kantar manyan shaguna. Abin da ya fi ɗaukar hankali a takardar shi ne kwanan watan da ke jikinta, 2 ga Disambar 1968. Kwana uku kafin wannan rana, wani babban kamfanin kantunan kayan abinci da ke yankin da aka damƙa wa Fortune ya sa hannu a kan cinikin na'urori 2,008, na kuɗi kimanin dala miliyan 5, waɗanda za a riƙa kai masa cikin shekara huɗu. Kamashon wannan ciniki ya haura dala 92,000.

Kamfanin bai kore shi nan take ba. An ce ya ɗan tsaya ya taimaka har cinikin ya kankama, aka sauya masa muƙami, aka riƙa ba shi kashi 75 cikin ɗari na kamashon na'urorin da ake kaiwa. Bayan kimanin wata goma sha takwas aka ce ya yi ritaya, ya ƙi, aka sallame shi a watan Yunin 1970. Duk na'urar da aka kai bayan nan, ko sisi bai gani ba.

Da aka je kotu, lauyoyin kamfanin suka ɗaga takardar yarjejeniyar da shi kansa ya sa wa hannu. A rubuce yake cewa kowane ɓangare na iya raba gari da ɗayan duk lokacin da ya ga dama, ba sai da dalili ba. Kuma gaskiyarsu, idan harafin takarda za a bi, ba su karya komai ba. Amma a 1977 kotun ƙolin jihar Massachusetts ta ce a cikin wannan yarjejeniya akwai wani alkawari da ba a rubuta ba, na yin mu'amala da kyakkyawar niyya da adalci, kuma korar mutum don a hana shi kamashon da ya riga ya yi wa wahala karya wannan alkawari ne. Ta tabbatar masa da diyyar da ta ɗan haura dala 45,000.

Wannan shari'a ita ce aka fi kafa hujja da ita duk lokacin da ake batun kyakkyawar niyyar mai ɗaukar aiki a Amurka. Sai dai wanda ya ji labarinta kaɗai zai ɗauka ma'aikacin Amurka yana da rumfar da zai fake. Rumfar tana nan, amma ƙarama ce ƙwarai, kuma a jihohi da yawa ma ba a kafa ta ba.

Tushen maganar shi ne ƙa'idar da zan kira aikin ganin dama. A jihohi 49 daga cikin 50 na Amurka, idan aka ɗauke ka aiki ba tare da an yanka wa'adi ba, doka na ɗauka cewa kai da maigidanka kowa na da ikon kawo ƙarshen aikin yau ɗin nan, ba sanarwa, ba bayani. Ba haka abin yake a Ingila ba, inda Amurka ta gaji dokokinta. Can tsohuwar al'adar kotuna ita ce a ɗauki aikin da ba a faɗi wa'adinsa ba a matsayin na shekara guda, kuma hikimar a fili take ga duk wanda ya san noma: kada mai gona ya ci ƙarfin ɗan ƙodago da damina ya watsar da shi da rani, kada kuma ɗan ƙodago ya ci tuwon mai gona duk rani ya gudu ana gab da girbi. Wani lauya mai suna Horace Wood ne, a littafin da ya wallafa a 1877 kan dokar ubangida da bara, ya rubuta cewa a Amurka aikin da ba wa'adi na ganin dama ne. Masana daga baya sun nuna cewa shari'o'in da ya kafa hujja da su ba su goyi bayansa yadda ya ce ba, amma kotuna sun riga sun rungumi maganar, don ta dace da zamanin masana'antu da layin dogo.

A 1884 kotun ƙolin Tennessee ta fito da ƙa'idar ƙarara. Wani kamfanin jirgin ƙasa ya manna sanarwa cewa duk ma'aikacinsa da ya yi sayayya a shagon wani ɗan kasuwa mai suna Payne a garin Chattanooga, a bakin aikinsa. Mai shagon ya kai ƙara, kotun ta ce kamfani na da ikon korar ma'aikaci a kan dalili mai kyau, ko ba dalili, kai ko a kan dalilin da ya saɓa wa ɗabi'a ta gari, kuma bai yi laifi a idon doka ba.

Tun daga lokacin an yi ta rage wa ƙa'idar kaifi. Dokar 1935 ta hana kora saboda shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta hana kora saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa, ta 1967 ta kare 'yan shekara 40 zuwa sama, ta 1990 ta kare masu buƙata ta musamman. Kotunan yawancin jihohi sun kuma yarda ba a korar mutum don ya ƙi aikata laifi, tun daga wata shari'ar Kalifoniya ta 1959 inda aka kori wani don ya ƙi yin shaidar zur. Wasu kotunan, kamar ta Michigan a 1980 da ta New Jersey a 1985, sun ce alkawuran da kamfani ya rubuta a littafin ƙa'idojin aikinsa suna iya ɗaure shi. Duk waɗannan haramtattun dalilai ne da aka lissafa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya cikin lissafin, halal ne ga maigida.

Kyakkyawar niyya ta bambanta da su, shi ya sa rigimarta ta fi zafi. Ita ba jerin haramci ba ce, ma'auni ne da ake ɗora wa halin mutum gaba ɗaya. A dokar cinikayya ta Amurka kusan babu mai jayayya da ita: duk yarjejeniya tana ɗauke da wajibcin kada ɗaya ya yi abin da zai hana ɗayan cin amfanin abin da suka ƙulla. Mai sayar da siminti da mai sayensa suna ƙarƙashinta, haka mai gida da ɗan haya, haka kamfanin inshora da wanda ya yi rajista da shi. To aikin albashi ma ai yarjejeniya ne. Me zai hana ta shiga nan? Matsalar ita ce idan ta shiga da ƙarfinta duka, sai ta haɗiye ƙa'idar ganin dama. Ba yadda za a ce wa mutum yana da ikon kora ko da mugun dalili, a kuma ce masa dole niyyarsa ta kasance mai kyau. Dole ɗaya ta rusuna wa ɗaya, kuma shekara hamsin ke nan kotuna na yanke wadda za ta rusuna.

Da farko kamar kyakkyawar niyyar ce za ta yi rinjaye. A 1974 kotun ƙolin New Hampshire ta saurari ƙarar Olga Monge, malamar makaranta daga Costa Rica da ta koma aikin dare a wata masana'antar roba. Shugaban sashenta ya neme ta, ta ce ita matar aure ce mai 'ya'ya uku, daga nan aka fara matsa mata har aka raba ta da aikin. Kotun ta ce korar da aka gina kan mugun nufi, ƙeta ko ramuwa karya yarjejeniya ce. A 1980 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce ma'aikacin da ya shekara 18 a kamfanin jiragen sama na American Airlines ba a sallamarsa haka kawai, tsawon hidimarsa da ƙa'idojin kamfanin sun ba shi haƙƙi. Lauyoyin ma'aikata suka ga ƙofa ta buɗe, musamman da yake a wancan lokacin ana iya neman diyyar ɓacin rai da diyyar ladabtarwa, waɗanda kan ninka albashin da aka rasa sau da yawa.

Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. New Hampshire ta taƙaita hukuncinta a 1980. Kotun ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Foley ta 1988, ta ce wanda aka karya wa wannan alkawari ba zai samu komai ba sai abin da yarjejeniya ta tanada, wato albashi da alawus da ya rasa. A 2000, a shari'ar Guz da kamfanin Bechtel, ta ƙarasa aikin: kyakkyawar niyya ba ta ƙara wa yarjejeniya wani sharaɗin da ba a ƙulla ba, don haka idan aikin na ganin dama ne, ba za ta mayar da shi aikin da sai da dalili ake kora ba. Guz ya shekara 22 a kamfanin.

New York kuwa tun farko ba ta karɓa ba. Shari'ar da ta fi taɓa ni a duk wannan fage ita ce ta Joseph Murphy a 1983. Mataimakin ma'aji ne a wani babban kamfanin magunguna, ya shekara 23 yana aiki, yana da shekara 59 a duniya. A ƙarar da ya shigar ya ce ya gano an yi wasa da alƙaluman kuɗi na aƙalla dala miliyan 50 ta yadda manyan jami'ai za su samu garaɓasar da ba su cancanta ba, ya kai rahoto ga shugabanni kamar yadda aikinsa ya wajabta masa, aka kore shi. Ya ce da ya dawo kwashe kayansa, masu gadi suka fitar da shi a gaban jama'a, aka zube masa kayan a bakin titi. Babbar kotun jihar ta ce ba za ta cusa wa yarjejeniya wani alkawari da ya ci karo da ikon kora da doka ta ba kamfani ba, idan ana son sauyi a je majalisa. Mutum ya riƙe amanar da aka ɗauke shi aiki don ya riƙe, riƙon amanar ya zama sanadin korarsa, kotu kuma ta ce hannunta a ɗaure yake. Texas ma ta tsaya a kan irin wannan matsayi. Wani nazari da mujallar hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta buga a 2001 ya ƙirga jihohi 11 kacal da suka amince da kyakkyawar niyya a matsayin togaciya ga aikin ganin dama, kuma ko a cikinsu ma'anarta ba ɗaya ba ce.

Me ya rage ke nan? Abin da ya rage shi ne ainihin abin da aka yi wa Fortune. Kotuna sun fi yarda su shiga tsakani idan aka kori mutum don a cinye masa abin da ya riga ya yi wa gumi: kamashon cinikin da ya ƙulla, garaɓasar shekarar da ya kammala, hannun jarin da aka yi masa alkawari kuma lokacin mallakarsa ya kusa, fanshon da ya rage ƙiris ya nuna. A Nevada, a 1987, kotu ta tsaya wa wani direban motar ɗaga kaya a rumbun ajiyar kamfanin K Mart, wanda aka kora saura wata shida fanshonsa ya tabbata, bisa zargin ya ɗauki gwangwanin fenti ya shafa wa motar da yake tuƙawa. Kotun ƙolin Arizona a 1985 ta faɗi iyakar a sarari: alkawarin yana kare amfanin da ma'aikaci ya riga ya samu, ba ya ba shi tabbacin ci gaba da aiki. Delaware ta ƙara wani ɓangare a 1996, a shari'ar da ta haɗa wani injiniya da kamfanin DuPont, inda ta ce idan shugaba ya ƙirƙiri bayanan ƙarya a fayil ɗin ma'aikaci don ya samu hanyar korarsa, an karya alkawarin. Da cibiyar masana shari'a ta Amurka ta tattara dokokin aiki a 2015, kusan a nan ta tsaya: kada a yi kora don hana haƙƙin da ya kusa tabbata, kada kuma a yi ta don ramuwa kan mutum ya yi abin da aikinsa ko doka suka ɗora masa.

Duk wanda ya tashi yana jin hadisin nan da ke cewa a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe zai gane wannan matsayi nan da nan. Haka wanda ya taɓa ganin yaron shago da ya yi wa maigidansa hidima shekara da shekaru, sai da lokacin sallama ya matso aka laƙa masa sata. Kowa a kasuwa ya san sunan wannan abu, cin amana ne. Dokar Amurka, a jihohin da suka yarda, ta gane wannan nau'in zalunci. Wanda ba ta gane ba shi ne na mutumin da babu wani kuɗi da ke rataye a gabansa, an dai wayi gari sabon manaja ba ya son ganinsa, ko yana son kujerar don wani nasa. Gumin jiya yana da mai kare shi. Aikin gobe ba shi da kowa.

Ko a inda kariyar take, cin gajiyarta aiki ne ja. Nauyin kawo hujja na kan wanda aka kora, kuma abin da ake so ya tabbatar niyya ce, wadda ke cikin zuciyar wani. Fortune ya yi sa'a kwanan watan takardarsa ya tona asiri. Kamfanonin yau sun koyi darasi. Ranar da ka fara aiki za a miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ka fahimci aikinka na ganin dama ne, kuma babu wani abu a littafin ƙa'idoji ko a bakin wani shugaba da zai sauya haka. Sau da yawa akwai wata takardar da ke cewa duk saɓani a gaban mai sasanci na sirri za a kai shi, ba kotu ba. Tsarin kamasho kuma a rubuta shi da sharaɗin sai kana bakin aiki ranar biya. Sannan tunda diyyar ba ta wuce kuɗin da aka rasa ba, lauyan da ke karɓar ladansa daga abin da aka ci a shari'a ba zai ɗauki ƙarar mai ƙaramin albashi ba. Kariyar ta fi amfanar babban dillali da manajan da ke da hannun jari fiye da mai goge-goge ko mai ɗaukar kaya.

Masu kare ƙa'idar ganin dama suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Farfesa Richard Epstein, a wata maƙala ta 1984, ya ce 'yancin na ɓangare biyu ne, ma'aikaci ma yana tafiya duk ranar da ya so. Ya ce kamfanin da ke kora barkatai kansa yake cuta, don ƙwararru za su guje shi, kuma idan kora ta yi wuya to ɗauka ma za ta yi wuya, matasa da baƙi su ne za su fara shan wahala. Akwai gaskiya a ƙarshen maganar. Sauƙin sallama na cikin abin da ke sa ɗan ci-rani ya sauka Amurka ya samu aiki cikin makonni. Inda na rabu da shi shi ne batun daidaito. Kamfani mai ma'aikata dubu goma idan ya rasa ɗaya, gobe zai cike gurbin. Magidancin da ya rasa aiki a Amurka yakan rasa har da inshorar lafiyar iyalinsa, don yawancin masu aiki ta wurin aikin suke samunta, ga kuɗin haya ba ya jira. Wanda kuma bizarsa ke ɗaure da kamfanin, zamansa a ƙasar ma ya shiga haɗari. Raƙumi da akuya ne aka ce kowa na da ikon taka ɗan'uwansa. Ƙari a kan haka, binciken da Farfesa Pauline Kim ta wallafa a 1997 ya nuna mafi yawan ma'aikatan da ta tambaya sun ɗauka doka ta hana a kore su don ƙiyayya kawai. Yaya za a ce mutum ya zaɓi sharaɗin da bai ma san yana ƙarƙashinsa ba?

Ra'ayina shi ne kotun New York ta yi kuskure a kan Murphy, amma ta faɗi gaskiya a abu ɗaya: alƙalai ba za su iya gyara wannan da kalmar kyakkyawar niyya kaɗai ba. Kalmar ta yi faɗi, kowane alƙali da yadda zai auna ta, kuma kamfani na iya toshe ta da layi biyu a takarda. Jihar Montana ce ta nuna ɗaya hanyar, kuma yadda ta kai can abin lura ne. A farkon shekarun 1980 kotunanta sun karɓi kyakkyawar niyya hannu bibbiyu, har ana yanke wa kamfanoni diyya mai nauyi. Masu kamfanonin da kansu ne suka garzaya majalisa neman tsari. Dokar da aka yi a 1987 ta ce bayan lokacin gwaji, ba a korar ma'aikaci sai da dalili ingantacce, kamar gazawa a aiki, kawo cikas ga harkar kamfani, ko wata buƙata ta kasuwanci ta gaskiya. A madadin haka aka ƙayyade diyya, ba za ta wuce albashi da alawus na shekara huɗu ba, aka kuma cire diyyar ɓacin rai. Kowane ɓangare ya ba da wani abu ya karɓi wani. A 2021 majalisar ta tsawaita lokacin gwajin daga wata 6 zuwa wata 12, wanda ya nuna ja-in-jar ba ta ƙare ba. Har yau babu jihar da ta bi sahunta.

Mai karatu a Najeriya zai ji wannan muhawara ba baƙuwa ba ce, don daga tukunya ɗaya aka ɗebo dokokin. Kotun ƙolin Najeriya ta daɗe a kan cewa a aikin kamfani mai zaman kansa, maigida na iya sallama da dalili ko ba dalili muddin ya bi sharaɗin sanarwa, kuma dokar ƙwadago ta sa sanarwar wata guda ce ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ba kotun ma'aikata ta ƙasa ikon duba kyawawan ƙa'idojin duniya, wannan kotu ta fara cewa sallama ba dalili rashin adalci ne, tana jingina da yarjejeniya mai lamba 158 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta 1982. Nijar da Kamaru sun rattaba hannu a kan wannan yarjejeniya. Najeriya da Amurka ba su yi ba.

A Amurkan, motsin da ake gani yanzu daga birane yake fitowa. Philadelphia ta yi wa masu aikin wuraren ajiye motoci dokar sai da dalili a 2019. Birnin New York, a cikin jihar da kotunta ta juya wa Murphy baya, ya yi wa ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa irin ta a 2021: bayan kwana 30 na gwaji, ba kora sai an bi matakan gargaɗi, kuma dole a ba mutum dalilin sallamarsa a rubuce cikin kwana biyar. Masu gidajen abincin sun kai ƙara suna neman a soke dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da ita a farkon 2024.